Cokali Mai Haƙora Uku

Jama'a, yau sai kun danne dariyarku, don abin kunyar da zan faɗa muku bakina ne ya jawo min shi, ba kowa ba. Wadda ta ce "Allah ya ƙara" ma ba zan ji haushinta ba. Ni ma haka na faɗa wa kaina, ina tsaye cikin kango hazo yana jiƙa min gashi.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Mabli, shekarata ashirin da shida. Mu uku ne a gida, duk mata: ni, da mahaifiyata Eirlys da nake kira Mam, da kakata Mam-gu mahaifiyar Dada, wato babana. Sai tumaki ɗari uku da karyarmu Fflos, wadda in za a faɗi gaskiya ta fi ni fada a wurin Mam. Dada ya rasu ina 'yar shekara sha tara. Yayana Cynan kuwa shekara shida ke nan da ya tafi New Zealand askin tumaki, ya ce mana wata huɗu zai yi. Yanzu 'ya'yansa biyu a can, a waya kaɗai muka san fuskarsu.

To, duk mazan da ke cikin kwarin nan namu, ban tashi kwaso wa Mam kowa ba sai wani mai askin tumakin. Idwal. Dogo, mai manyan hannuwa, maganarsa ta yini guda ba za ta cika kofin shayi ba. Bara cikin watan Yuni ya zo yi mana aski, wata tunkiya ta tsere da rabin gashi a jikinta, muka bi ta ni da shi har cikin Castell, tsohon kangon fadar nan da ke kan tudun bayan gidanmu. Ruwa ya tsare mu a can, muka fake ƙarƙashin wata bishiya da ta tsiro a jikin katanga. Awa guda muna tsaye, kalma bakwai ya furta, na ƙirga. Tun daga ranar ban ƙara zama daidai ba.

Mam ba ta taɓa ce masa tak ba. Shayi take zuba masa, ta tura masa burodi, ta kira shi "Idwal bach", wato Idwal ɗana, kamar kowa. Sai ya fita ta juyo kaina.

"Mai aski tsuntsu ne, Mabli. Inda gashi yake nan yake sauka."

"Mam, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba."

"Haka na ce a kan ɗan da na haifa da cikina."

In ta faɗi haka, magana ta ƙare.

Wata Lahadi, sati uku kafin ranar da zan ba ku labari, Idwal ya zo cin abincin rana. Ya sa farar riga har da guga, shi da ban taɓa gani ba sai cikin rigar ulu mai warin tunkiya. Ya kwantar da gashinsa da ruwa, ga yankan reza a haɓa, yatsunsa uku naɗe da filasta. Na tambaye shi, ya ce wayar shinge ce. Yana shigowa kicin bai kalle ni ba, bango ya kalla.

A bangon nan, kusa da kabad ɗin shuɗayen faranti, cokalin kakana Tad-cu yake rataye. A wurinmu namiji in da gaske yake, cokalin ice yake sassaƙa wa yarinya da hannunsa. In an karɓa sai a rataye a bango, duk wanda ya shigo ya san an yi kamu. Na kakana kuwa abin kallo ne, da zuciya biyu, da sarƙa, da 'yan ƙwallaye uku da ke motsi cikin keji, duk daga ice guda. Mam-gu ba ta gajiya da yi wa samarin yanzu gori da shi. Ta sha ce wa Idwal, "Kai ma a waya za ka nemi jikata? Kakanta lokacin sanyi guda ya yi yana fama da wuƙa. Ku kuwa sai ku je shago ku sayo na 'yan yawon buɗe ido, ko kunya babu."

Gefen cokalin Tad-cu akwai wata sabuwar ƙusa da Mam ta buga cikin satin, ta ce kalanda za ta rataya. Ƙusar nan Idwal ya tsura wa ido, babu komai a kanta. Daga nan idonsa ya koma kan murhu, inda Mam take juya romon rago da dankali.

Ni kuma uwar iya, sai na buɗe baki.

"Mam, don Allah wannan mummunan ludayin daga ina? Kwana uku ina ganinsa a tukunya. Kamar Fflos ce ta gwaguye shi."

Ba ta juyo ba. "A gida na same shi. Yana juya romo da kyau."

Da na yi shiru a nan, da sauƙi. Ina! Tashi na yi na zare shi daga hannunta, na ɗaga shi sama romo yana ɗiga. Wani ƙaton abu ne, mariƙinsa mai faɗi, a karkace, samansa da haƙora uku ba ɗaya daidai da ɗaya, ga wata doguwar huda a tsakiya.

"Wanda ya sassaƙa wannan da ƙafa ya yi, ba da hannu ba. Idwal, duba don Allah. Haƙora uku, kamar bakin Mam-gu!"

"Ja'irar yarinya," in ji Mam-gu daga kujerarta tana dariya. Yanar ido ta rufe mata gani shekara biyu ke nan, ba ta ga abin da nake nunawa ba.

Idwal bai yi dariya ba. Ya ci abincinsa tas, ya ce "Na gode, Misis Prydderch," ya ɗauki hularsa ya fita tun kafin a kawo kayan zaƙi.

Da yamma na tura masa saƙo: "Lafiya ka tafi da wuri?"

Sai washegari ya amsa: "Lafiya. Aiki."

Ranar Laraba na sake: "Na yi maka wani laifi ne?"

"A'a."

To ni ma 'yar halak ce, ina da zuciya. Na kife wayar na ce ba zan ƙara ba. Amma kada in yi muku ƙarya, sau hamsin nake buɗe ta a yini. In na je duba tumaki sai in tsinci kaina a tsaye tsakiyar gona, bokiti a hannu, ina kallon Castell. Mam kuwa sai ga ta da fara'a. Lahadi biyu a jere ta gayyato Deiniol, malamin firamare, mutumin kirki mai wanke hannu kafin ya shafa kare da kuma bayan ya shafa. Ya ba mu labarin tarin taswirorinsa har Fflos ta yi hamma ta fice.

"Gidansa na nan bayan coci," in ji Mam muna wanke-wanke. "Ko Caerdydd, babban birninmu, ba ya son zuwa."

"To ki aure shi mana, Mam."

Ta watso min kumfa, amma ba ta yi dariya ba.

Ranar Juma'a da hantsi saƙo ya shigo. Shi ne mafi tsawon abin da Idwal ya taɓa rubuta min, kuma da ma bai rubuta ba.

"Mabli. Litinin zan tashi New Zealand. Sun ce in zaɓa, wata huɗu ko shekara biyu. Gobe ƙarfe uku zan hau Castell, in kina so ki zo mu yi sallama."

Zancen wata huɗun na san da shi tun rani. Shekara biyun ce ban taɓa ji ba. Na zauna a kan buhun abincin tumaki na karanta har sau shida. Na san abin da shekara biyu take zama a ƙasar nan, hoton Cynan na nan a kan kabad ɗinmu da jarirai biyu a cinya.

Asabar tun ƙarfe ɗaya nake gaban madubi. Na sa koriyar rigar ulun da Mam-gu ta saƙa min tun idonta na gani, na cire, na sa ja, na ga kamar mai zuwa biki, na koma koriyar. Na ɗaure gashi, na kwance. Na shafa jan baki, na goge da bayan hannu don kada ya ce dominsa na yi. Ƙarshe duk kwalliyar ta shige cikin tsohuwar rigar ruwan Dada da takalmin roba. Na cika fulas da shayi, na yanki burodi mai 'ya'yan inabi yanka biyu. Ko rabuwa za a yi, a rabu da abu a ciki.

"Ina zuwa da turare haka?" in ji Mam-gu. Hancinta ba abin da ya same shi.

"Tumaki zan duba."

"Ki gaishe min da ragon."

Mam tana bakin murhu tana yanka albasa. Wuƙar ta ɗan tsaya sannan ta ci gaba.

Hazo ya sauko ranar tun safe, irin na ƙarshen Oktoba, fari, mai laushi, wanda yake haɗiye ƙara. Ina tsallake ƙofar gona ta biyu gidanmu ya ɓace a bayana. Ban ga komai ba sai hanyar da ke gaban ƙafata da jajayen ganyayen da suka bushe a gefe. Tumaki suna ɓullowa ɗaya-ɗaya, su kalle ni, su koma cikin farin. Wani wuri can ƙasa ruwa yana gudu, ban san ta wane ɓangare ba. Na ji kamar ba tafiya nake ba, ɗauke ni ake yi.

Tun ina ƙarama haka Castell yake yi min. Cynan ya riƙa kawo ni, shi ne sarki ni ce mai gadin ƙofa, kullum a kashe ni. Da na girma na fara zuwa ni kaɗai. In zauna a inda aka ce nan ne ɗakin girkinsu, in sa hannu cikin ramin murhun da har yau baƙinsa bai gama fita ba, in ce wata ta tsaya a nan shekara ɗari bakwai da suka wuce, ita ma da ciwon baya, ita ma uwarta tana mata faɗa. Na ba ta suna, na ba ta jan gashi. Wani lokaci in iska ta biyo ta tagogin nan marasa gilashi, sai in ji kamar tana jan tsaki.

Ranar nan katangar ba ta fito gaba ɗaya ba. Kusurwa ta fara bayyana, baƙa, a jiƙe, sannan bakin ƙofar mai baka, kamar wani yana zana min ita ina matsowa. Na shiga. Ciyawar tsakar fadar ta yi kore shar, raɓa ta kwanta a kai. Hankaki suna kuka a sama ban gan su ba. Babu kowa, ko baƙo ɗaya mai kyamara babu. Na bi ta gefen rijiyar da aka rufe da ƙarfe, na shafa duwatsun da gansakuka ta lulluɓe, sanyinsu ya ratsa min tafin hannu. Inda bishiyarmu take, kututture ne kawai ya rage, guguwar Janairu ta kayar da ita.

A kan kututturen yake zaune, waya a hannunsa.

Na shirya maganganu tun jiya, masu zafi, a jere. Ina ganinsa suka watse. Ya rame. Hazo ya yi masa ɗigo-ɗigo a gira.

"Kin zo."

"A'a, fatalwata ce."

Na zuba shayi a murfin fulas na miƙa masa. Ya sha, ya miƙo min, na sha a inda ya sha.

"Me ka zaɓa?" na ce.

Ya juyo min da fuskar wayar. Saƙo ne a rubuce ba a tura ba: "Na amince da shekara biyu."

"A gida babu sabis," ya ce. "Saman matakalar can akwai."

Nan zuciyata ta taso. "Wato hawa ka yi ka tura a gabana? Idwal, me na yi maka? Ka gaya min! Sati uku kana min 'lafiya, aiki' kamar mai sayen ulu. In ka gaji da ni ka faɗa, ba a kanka aka fara ba. Amma ka bar ni ina ta lissafin laifina kamar mahaukaciya, ina magana da tumaki?"

Ya dube ni. "Kin ba ni amsa. Na ji."

"Wace amsa? Yaushe ka yi tambaya?"

"A gaban mahaifiyarki. Da kakarki." "Na san bai yi kyau ba, Mabli. Na san ba kamar na Tad-cu ba ne. Amma da kin mayar min a hannu. Ba sai an sa shi a tukunya ba."

Jama'a, kun san yadda mutum yake ji in ya taka matakalar da babu ita? Haka na ji. Murfin fulas ɗin ya kuɓuce min, shayi ya zube a ciyawa.

"Ludayin nan..."

"Cokali ne."

"Kai ka..."

Ya buɗe tafin hannunsa. Filastar ta fita, tabon yankan na nan a yatsu uku, jajaye. Wayar shinge, in ji shi. Ni kuma na yarda.

"Tun Fabrairu," ya ce. "Huɗu na ɓata. Na biyar ne wannan." Ya buga kututturen da yake kai da tafin hannu. "Reshen bishiyar nan ne."

Ban san lokacin da na toshe baki da hannu biyu ba. Da ƙafa ya yi, ba da hannu ba. Ni na faɗa. Na kira sunansa ma don ya taya ni dariya. Wayyo ni Mabli, da ƙasa za ta tsage da na shige, in tarar da mai jan gashin nan a can ta ja min tsaki da hujja.

"Ban sani ba, Idwal. Na rantse da kabarin Dada ban sani ba. Ban ga zuciya ba, ban ga sarƙa ba, ban ga komai ba."

"Ban iya zuciya ba. Tsagewa take yi."

Ya miƙe, ya kama ni ta kafaɗa, ya tsayar da ni daidai inda muka tsaya ranar ruwan nan, ya juya ni. "Duba can."

Da farko fari kawai na gani. Sai iska ta ɗan motsa, hazon ya yaye a hankali, hasumiyar yamma ta fito ita kaɗai tana shawagi, babu ƙasa a ƙarƙashinta. Mai faɗi, a ɗan karkace. Samanta ya rushe sai haƙora uku, ba ɗaya daidai da ɗaya. A tsakiyarta doguwar taga siririya, haske yana ratsowa ta ciki. Shekara ashirin da shida ina kallon hasumiyar nan ta tagar kicin, sati uku ina wanke ta a kwano da soso, ban gane ta ba.

"Ita nake kallo ranar," ya ce a bayana. "Don na kasa kallonki."

Kuka na yi, irin mai majina, ba na fim ba. Ya bar ni na yi a jikin rigarsa mai warin tunkiya, warin da na fi so a duniya. Hasumiyar ta sake shigewa cikin hazo muna tsaye. Sai da na gaji na ɗago, wata tambaya ta faɗo min.

"Tsaya. Ya aka yi ya shiga kicin ɗinmu? A bakin ƙofa ka ajiye?"

Ya kawar da kai.

"Idwal."

"Ranar Alhamis. Kin kai 'yan raguna kasuwa. Mam-gu tana barci." Ya murza hularsa. "Na naɗe shi a farin ƙyalle. Na ce, Misis Prydderch, na Mabli ne, in kin yarda."

"Ita ta ce me?"

"Ta ce ta gode."

Sanyin da na ji a lokacin ba na hazo ba ne. A gida na same shi. Yana juya romo da kyau. Tana tsaye ina zagin abina da bakina, ba ta ce min kul ba.

"Taho," na ce. "Yanzu zan je in ɗauko shi in rataye da hannuna, ta yi abin da za ta yi."

Ya girgiza kai. "Ita na ba."

"Ni za ka aura ko ita?"

"An riga an ɗauke mata ɗaya, Mabli. Ba zan zama na biyu ba. In ba ta yarda ba, gara in yi nisa."

Na so in kwaɗa masa fulas ɗin. Kuma na ƙara sonsa a daidai lokacin, abin haushi. Na ƙwace wayar daga hannunsa, na goge saƙon harafi bayan harafi yana kallo, na mayar masa.

"Ba ni awa ɗaya. Hau saman matakalar ka zauna inda sabis yake. Kada ka rubuta wa kowa komai sai ka ji daga gare ni. Ga burodi."

Ban san yadda na sauko tudun ba. Na faɗi sau biyu, laka har gwiwa. Duk hanya ina tara maganganun da zan yayyafa wa Mam, har da waɗanda 'ya ba ta faɗa wa uwa.

Na tura ƙofar kicin. Ɗumi ya buge ni, da ƙamshin rago da albasa. Mam-gu a kujerarta, Fflos a ƙafarta. Mam ta ba ni baya tana juya tukunya, haƙora ukun nan suna leƙowa ta saman hannunta.

"Mam, ba ni cokalina."

Hannunta ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"Wane cokali kuma?" in ji Mam-gu. "Eirlys, me ke faruwa? Miƙo min in taɓa."

Mam ba ta taɓa yi wa surukarta musu ba. Ta tsame shi, ta miƙa mata ta wajen mariƙi. Tsohuwar ta bi shi da yatsu a hankali, haƙori ɗaya, biyu, uku, ta sa ɗan yatsa cikin hudar. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba.

"Af, ai hasumiyar yamma ce wannan." Ta ɗago makafin idonta wajen Mam. "Eirlys fach, 'yata. Romo kika yi da shi?"

Mam ta karɓe shi ta riƙe da hannu biyu. Sai yanzu na lura icen yana sheƙi. Sauran ludayanmu duk sun yi fari sun tsattsage, wannan ko ɗigon tsagewa babu.

"Ban taɓa barinsa ya kwana a ruwa ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "In kin wanke, sai na sake shanya shi na shafa masa mai."

"Mam, kin bar ni na zage shi a gabansa."

"Na sani."

"Shekara biyu zai tafi saboda ke! In kuwa ya tafi, na rantse bin sa zan yi."

Na faɗa don in ji mata ciwo, kuma ta ji. Ta dafa gefen murhu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, na sani. Amma ban taɓa ganin tsoron a fuskarta tsirara haka ba. Ta yi min ƙanƙanta cikin rigar girkinta mai zanen furanni, furfura ta fito mata a gefen kunne.

Ta nuna bango da haɓa.

"Kina tsammani kalanda ce? Mu da kalandarmu take bayan ƙofa tun kina goye?" "Yana fita na ɗauko gudumar babanki na buga ta. Na ɗaga cokalin zan rataya, sai na ga hoton Cynan a kan kabad. Hannuna ya ƙi, Mabli. Kullum da safe sai na gwada. Ya ƙi."

Duk maganganun da na taro a hanya suka zube. Tukunya tana ta tafasa ita kaɗai.

"In an rataye, wata huɗu zai yi?"

"Wata huɗu, Mam. Zai dawo kafin tumaki su fara haihuwa."

"Haka Cynan ya ce."

"Na sani."

"Cynan bai yanka yatsunsa saboda kowa ba," in ji Mam-gu a hankali, kamar da Fflos take magana.

Mam ta tsaya kallon cokalin. Sannan ta taka zuwa bango, taku huɗu ne daga murhu, ta yi su kamar mai hawan tudu. Ba ta wanke shi ba, ba ta ko goge shi ba. Ta ɗaga hannu, ta saka ƙusar cikin tagar hasumiyar. Ya zauna a karkace kusa da na Tad-cu, mummuna, ƙato. Romo ya gangaro daga bakinsa, ya ja layi ɗaya a farin bangon har ƙasa.

Na ɗauki hoto, na tura wa Idwal. Kafin in sauke numfashi amsa ta shigo daga saman matakala.

"Wata huɗu. Gaida Mam."

Na karanta mata da ƙarfi. Na jawo tsumma na durƙusa zan goge bangon, sai na ji ta riƙe min wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi irin wanda take yi wa tunkiya mai naƙuda.

"Bar shi," ta ce. "Kada wadda ta goge min romon nan sai ya dawo."